Lissafi Biyu Tsakanin Soket da Gobara

 Yau a filinmu na sharhi mun ajiye siyasa da farashin hatsi a gefe, lissafi za mu yi. Kada kowa ya murɗa akwatin rediyonsa don ya ji an ambaci lissafi, domin wanda za mu yi bai wuce ninkawa da rabawa ba, ɗan aji huɗu na firamare ma zai iya. Mai biro da takarda a kusa ya jawo su. Wanda ke tuƙi kuwa ya riƙe sitiyarinsa, kunne kawai muke so.

Duk shekara idan hunturu ya kama, iska ta bushe, sai labarin gobara ya fara yawo. Mutanen Kano ba su manta da ta kasuwar Sabon Gari a 2016 ba, haka Sakkwatawa da Katsinawa ba su manta da abin da ya sami manyan kasuwanninsu a 2021 ba. Kuma duk inda wuta ta tashi, a kasuwa ko a gida, kafin ma hayaƙi ya lafa za ka ji jama'a na cewa ai wutar lantarki ce, ai NEPA ce ta kawo wuta da ƙarfi, Allah ya kiyaye gaba. Amin. Mun yarda da ƙaddara, ba mu ja. Amma waya ba ta kamawa haka siddan. Kafin ta kama sai ta yi ɗumi, kafin ta yi ɗumi sai an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, kuma wannan abin da ya fi ƙarfin nata yana da adadi, ana iya lissafa shi tun kafin a kunna komai. Yawancinmu muna kwana muna tashi da wuta a ɗaki ba mu taɓa yin wannan lissafin ba ko sau ɗaya.

Abubuwa uku ne ke aiki a cikin kowace waya mai wuta. Wanda ya taɓa zuwa fadama lokacin noman rani ya riga ya san su. Akwai injin ban ruwa da ke turo ruwa, akwai ruwan da ke gudu a cikin tiyo, akwai kuma tiyon kansa, wanda idan siriri ne ko ya yi tsawo da yawa sai ya riƙa hana ruwa wucewa yadda ake so. Ƙarfin turin injin shi ne bolteji, ana auna shi da bolt. Yawan abin da ke gudu shi ne kwararar wuta, ana auna ta da amfiya. Hanin da hanya ke yi kuwa shi ne turjiya, ana auna ta da om. A Najeriya wutar da ya kamata ta shigo gida bolt 230 ce, a Nijar 220, a Amurka 120. Batirin mota bolt 12 ne, batirin tocila guda ɗaya bolt 1.5.

Wanda ya gano yadda ukun nan ke ɗaure da juna wani malamin makaranta ne Bajamushe, Georg Simon Ohm. An haife shi a garin Erlangen a 1789, ubansa maƙerin kwado ne. Yana koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a birnin Kolon ya riƙa gwaje-gwaje da wayoyi masu tsawo da kauri daban-daban, yana duba yadda allurar awo ke karkata. A 1827 ya fitar da littafinsa. Manyan masana na ƙasarsa ba su yi maraba da shi ba, har ya bar aikin koyarwar ya yi shekaru yana 'yan kame-kame. Sai a 1841 ƙungiyar masana ta Landan ta ba shi babbar lambar yabonta, kujerar farfesa a jami'ar Munik kuwa sai 1852 ya same ta, shekara 2 kafin mutuwarsa. Wani abin dariya kuma, tun a 1781 wani Bature ɗan Ingila mai suna Henry Cavendish ya hango wannan ƙa'ida, a lokacin da babu na'urar awo. Jikinsa ya mayar mita: sai ya bar wutar ta ja shi, ya rubuta yadda ya ji zafin. Bai buga sakamakon ba, ya bar shi a cikin takardunsa, sai a 1879 aka fitar da su. Don Allah kada wani yaro ya ce zai gwada irin na Cavendish.

To ga lissafi na farko, na Ohm. Ka raba bolt da amfiya, abin da ya fita shi ne om. Idan kuma om ɗin ka sani, ka raba bolt da om, ka sami amfiya. Ga na biyu: ka ninka bolt da amfiya, abin da ya fita shi ne wat, wato yawan wutar da abu ke ci a lokacin da yake aiki. Idan wat ɗin ka sani, ka raba shi da bolt, ka sami amfiya. Iyakarsu ke nan.

Uwargida, ɗauko dutsen gugarki ki juya shi. A ƙasa ko a gindin mariƙi akwai ɗan rubutu, za ki ga lamba da harafin W a gabanta. Mu ce an rubuta 1000. Raba 1000 da 230, ya ba ki amfiya 4.3. Abin da dutsen gugar ke ja ke nan. Yanzu raba 230 da 4.3, ya ba ki om 53 ko kusa da haka, ita ce turjiyar ƙarfen da ke yin zafi a cikinsa. Sai ki duba butar dafa ruwa. Da yawansu wat 2000 ne. Raba da 230, amfiya 8.7. Turjiyarta kuwa om 26 da ɗoriya, rabin ta dutsen guga. A nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe, don hankali yana raya wa mutum cewa abin da ya fi cin wuta shi ya fi turjiya. Akasin haka ne. Abin da ya fi sakar wa wuta hanya shi ya fi ci. Idan aka ci gaba da rage turjiyar har ta kusa ƙarewa, kamar a ce ɓera ya ci roba wayoyi biyu suka haɗu, to ka raba 230 da rabin om ka gani: amfiya 460. Shi ne wannan tartsatsin da ƙarar da ake ji, kuma saboda irin wannan ranar aka ƙirƙiri fiyus.

Ɗalibai masu shirin jarrabawa, akwai wani ɗan tarko da ya kamata ku sani. Tsohon ƙwan fitila mai zare, na wat 60, yana jan amfiya 0.26, lissafi ya ba shi turjiya kusan om 880. Amma idan ka cire shi ka ɗora masa mita yana sanyi, abin da za ka gani bai fi om 60 zuwa 70 ba. Mitar ba ta yi ƙarya ba, lissafin ma bai yi ba. Turjiyar ƙarfe tana ƙaruwa idan ya yi zafi, zaren ƙwan kuwa yana wuce digiri 2000 idan yana ci. Saboda haka a ƙiftawar farko, zaren yana sanyi, wutar da ke afka masa ta ninka ta kullum fiye da sau 10. Shi ya sa irin wannan ƙwan ya fi mutuwa daidai lokacin da aka danna makunni.

Mu zo kan abin da ya fi damunmu a unguwanni, wato wutar da ke zuwa ba ƙarfi, wadda muke ce wa lokaran. Magariba ta yi, kowa ya kunna kayansa, taransifoma ɗaya tana ɗauke da unguwa biyu, sai bolteji ya faɗo daga 230 zuwa 160. Dutsen gugar nan mai om 53 yanzu amfiya 3 zai ja. Ninka 160 da 3, wat 480. Ku lura da kyau: boltejin bai ragu da ko kashi ɗaya cikin uku ba, amma zafin ya ragu da fiye da rabi. Dalili shi ne faɗuwar ta ci ta wuri biyu, bolt ya ragu, amfiya ma ta ragu, sannan aka ninka su. Ga mai guga wannan ɓacin rai ne kawai, rigar ba ta kwanta ba. Cajar waya da ƙwan zamani ma galibi ba su damu ba, don za ka ga an rubuta musu bolt 100 zuwa 240.

Wanda ke shan wahala shi ne duk abin da ke da injin juyawa a ciki: firij, firiza, injin tura ruwa sama, na'urar sanyaya ɗaki. Shi injin aikinsa bai ragu ba don wuta ta yi ƙasa, nauyin da zai tura yana nan. Idan bolt ya ragu, sai ya nemi cikewa ta wajen amfiya. Idan ma abin ya yi tsanani sai ya kasa tashi, ya tsaya yana gurnani yana jan amfiya ninkin-ba-ninkin, wayoyin da aka naɗe a cikinsa suna gasuwa. Wannan ƙarar da kake ji firij na yi, ya yi ƙas ya yi shiru, bayan ɗan lokaci ya sake, kukan neman agaji ne. Kashe shi. Wutar da ba ta da ƙarfi ta ƙona kwamfuresa, wato injin firij, da yawa a ƙasar nan, masu su suna mamakin yadda wutar da ko fanka ba ta iya juyawa sosai ta ƙona firij.

Sai a ce ai ga sitabilaiza. To madalla, tana da amfani, amma ba ta haifar wuta. Abin da take yi musaya ne: ta ɗaga bolt ta hanyar jan ƙarin amfiya daga bango. Kayan wat 1000 a kan bolt 230 amfiya 4.3 ne. Idan wutar bango ta faɗo 150, sitabilaiza za ta ja kusan amfiya 7 kafin ta biya musu buƙata. Idan ta faɗo 100, amfiya 10 har da ɗori. Wayar da ke tsakanin bango da sitabilaizar ita ke ɗaukar wannan kaya. Kuma idan kowane gida a layin ya sa tasa, kowa na jan ƙari, sai boltejin unguwar ya daɗa faɗuwa, kowa ya koma yana zagin maƙwabcinsa.

Ɗaya gefen kuma shi ne wuta ta zo da ƙarfi. A kan bolt 280 dutsen gugar nan zai ja amfiya 5.3, ya ba da wat kusan 1480, wato ƙarin kusan rabi a kan abin da aka gina shi ya ɗauka. Akwai wanda ya fi wannan muni. Idan wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke a kan fal ko a taransifoma, gidan da ke samun 230 yana iya ganin abin da ya doshi 400. A nan dutsen guga na wat 1000 ya zama na wat 3000, talabijin da caja kuwa sai hayaƙi. Haka nan masu sayen kayan gwanjo da aka kwaso daga Amurka su buɗe ido. Abin gasa burodi na wat 1000 da aka yi wa bolt 120 turjiyarsa om 14.4 ce. Ka soka shi a 230, zai ja amfiya 16, ya ba da wat kusan 3700. Ko minti ɗaya ba lallai ya kai ba. Duba rubutun da ke jikinsa kafin ka biya kuɗi.

Yanzu ku matso kusa, don nan ne gobarar take. Ita ma wayar da ke kai wuta tana da tata turjiyar, 'yar kaɗan ce amma akwai ta. Wani Bature ɗan Ingila, James Prescott Joule, ɗan masu kamfanin giya a kusa da Mancesta, ya nuna a 1841 cewa zafin da waya ke fitarwa yana bin amfiya ne sau biyu. Wato ka ninka amfiya da kanta, sannan ka ninka da om. Wannan ba sabon lissafi ba ne, haɗa biyun nan namu aka yi. Amma ma'anarsa tana da ban tsoro. Idan amfiya ta ninka sau 2, zafi ya ninka sau 4. Idan ta ninka sau 3, zafi sau 9. Idan sau 4, zafi sau 16.

Mu gwada da ekistenshan ɗin nan mai araha, mai baki shida da fitila ja, wanda ke kwance a bayan kujera ko a ƙarƙashin kantar shago. Da yawansu wayar cikinsu siririya ce, irin wadda kaurinta bai wuce murabba'in milimita 0.75 ba, ita kuwa amfiya 6 aka yi ta ta ɗauka. Idan tsawonta mita 5 ne, zuwa da dawowa mita 10 ke nan, turjiyarta kusan rubu'in om. Ka ɗora mata talabijin da fanka da dutsen guga, amfiya 5, zafin da za ta fitar wat 6 ne, ba ka ma ji ba. To yanzu ka soka dutsen guga na 1000, da buta ta 2000, da risho na lantarki na 1500, da firij na 150. Jimla wat 4650. Raba da 230, amfiya 20. Ninka 20 da 20, 400. Rubu'insa 100. Wat 100 na zafi tsantsa a cikin siririyar roba, an naɗe ta, an tura ta ƙarƙashin kafet ko bayan dilar atamfa inda iska ba ta shiga. Yawan bakin ekistenshan ba shi ne ƙarfinsa ba. Ko mai kyau ne, mai fiyus na amfiya 13, iyakarsa 13 sau 230, wato wat 2990. Mu ce 3000 don sauƙin riƙewa. Buta da dutsen guga kaɗai sun cinye shi.

Haka abin yake ga masu jawo waya daga nesa, daga gidan maƙwabci ko daga janaretan da ke raba wa 'yan kasuwa wuta. Waya mai kaurin 1.5 tana da turjiya kusan om 1.2 a kowane mita 100. Idan nisan mita 100 ne, zuwa da dawowa om 2.4. Ka ja amfiya 10, bolt 24 sun zube a hanya, wat 240 kuma sun tafi wajen ɗumama waya. Kai ka biya kuɗinsu, ba ka mora ba.

Inda ni na fi jin tsoro ma ba tsawon wayar ba ne, mahaɗa ce. Soket ɗin da bakinsa ya saki, filogi na rawa a ciki. Wayoyi biyu da aka murɗe da hannu aka ɗaure da leda. Wayar da aka fere aka cusa a soket aka tokare da tsinken ashana, wanda kusan babu shagon da ba a taɓa yi ba. Irin wannan mahaɗa tana iya samun turjiyar rabin om cikin sauƙi. A kan amfiya 10, ninka 10 da 10 ka raba biyu, wat 50. Ƙarfen sodar mai gyaran rediyo sau da yawa wat 30 zuwa 40 ne, kuma yana narkar da dalma. To ga wanda ya fi shi zafi a cikin soket na roba, a maƙale jikin katako ko silin. Abin takaici, fiyus ba zai tsinke ba, domin amfiya 10 ba ta wuce ƙa'ida ba. A wajen fiyus komai lafiya lau. Hancinka da tafin hannunka su ne kawai za su gaya maka: warin roba, baƙi-baƙi a bakin soket, filogin da ka taɓa ka ji ya yi zafi.

A nan dole in yi magana da masu sayar da kayan wuta da masu aikin wayarin, cikin girmamawa, don a cikinsu akwai masu tsoron Allah da yawa. Amma kasuwa ta cika da wayar da aka rubuta mata 2.5 alhali ba ta kai ba, da wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya. Alminiyam turjiyarsa ta fi ta jan ƙarfe da kusan kashi 60 cikin 100 idan kaurinsu ɗaya, kuma ya fi saurin saki a mahaɗa. Ka kankare bakin wayar da wuƙa, idan fari ya bayyana a ciki ka san abin da aka sayar maka. Mai gida ma yana da nasa laifin. An gina gida na miliyoyi, an zuba tayil, an sa labule na gani na faɗa, sai aka zo kan waya aka ce a samo mai sauƙi tunda cikin bango za ta shiga ba mai gani. Araha ba ta ado. Mafi muni shi ne wanda fiyus ya dame shi da tsinkewa, ya cire ya naɗa waya mai kauri a gurbinsa, ya ce ya yi maganin abin. Fiyus an yi shi ne ya zama shi ne mafi rauni a layin, ya mutu domin gida ya tsira. Idan ka ƙarfafa shi, raunin bai tafi ko'ina ba, ya koma cikin silin ne. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da yake galibi filogin can mai zagayen ƙafa ne irin na Faransa, ba fiyus a cikinsa, kariyarku tana akwatin raba wuta, sai a tabbata abin da ke ciki daidai yake da kaurin wayar gidan.

Wannan ƙa'idar ta Joule ita ce dalilin waɗancan manyan turakun ƙarfe da kuke gani sun ratsa daji. Wutar da ke tasowa daga Shiroro ta biyo Mando a Kaduna ta iso Kumbotso a Kano tana tafiya ne a kan bolt 330,000. Idan ka ɗaga bolt sau 10, amfiyar da ake buƙata don kai wat iri ɗaya ta ragu sau 10, asarar zafi a hanya kuma ta ragu sau 100. Daga nan sai a riƙa sauko da ita mataki-mataki, 132,000, 33,000, 11,000, har taransifomar unguwa ta mayar da ita abin da gida zai iya sha.

Masu sola, ku kuma juyin wannan ne ya same ku. Ana ganin tunda batir bolt 12 ne ba ya jan mutum, to ba shi da illa. Ku yi lissafin. Inbata na ba da wat 1000 daga batir mai bolt 12: raba 1000 da 12, amfiya 83, idan aka haɗa da asarar inbatar kanta ya haura 90. Dutsen guga a bango amfiya 4.3 yake ja, amma idan daga batir yake sha, wayar batirin tana ɗauke da ninkin wannan sau 20. Shi ya sa wayar batir take da kauri, take gajeriya, kuma dole a ɗaure kanta tamau a sa mata fiyus nata. A tsarin bolt 24 amfiyar ta koma 42, a na 48 ta koma 21, don haka manyan tsaruka ba sa zama a kan 12. Sannan batirin da aka rubuta masa 200Ah a bolt 12, ka ninka su, ya ba ka 2400, wato wat 2400 na tsawon awa 1. Idan irin na ruwa ne, mai dalma, rabin wannan ya kamata ka sha in kana so ya daɗe, wato 1200. Kayan wat 300 za su cinye shi cikin awa 4. Wanda ya ce maka zai kwana da firiza da fanka uku da talabijin, ciniki yake nema.

Janareta ma haka. Wanda aka rubuta masa 2.5 kVA, abin da za ka dogara da shi wajen wat 2000 ne. Ƙaramin nan mai hayaƙi da ake zuba wa mai haɗe da baƙin mai, wat 650 ne ko kusa, dutsen guga ɗaya ya fi ƙarfinsa. Kuma firiza ko injin ruwa idan za su tashi suna jan ninkin abin da aka rubuta musu sau da yawa na ɗan lokaci, sai a bar musu sarari.

Akwai sauran waya guda da ban ambata ba, ita ce jikin ɗan Adam. Busasshiyar fata tana da turjiya mai yawa, tana iya kai om 100,000. Raba 230 da wannan, abin da zai ratsa ka kaɗan ne, ka ji fizga ka yi salati ka saki. Amma jiƙaƙƙen hannu da ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, turjiyar tana iya faɗowa om 1000. Yanzu amfiya 0.23 ce ke bi ta ƙirji. Abin da bai kai rabin wannan ba yana iya rikita bugun zuciya. Na'urar kariya da ake sa wa gidaje don ceton rai tana yanke wuta ne a amfiya 0.03, ku kwatanta. Wutar ɗaya ce, soket ɗin ɗaya ne, ruwa ne kawai ya canja lissafin. Don haka hitar nan da ake tsomawa a bokiti da sanyin asuba, musamman a ɗakunan ɗalibai, kada a sa hannu a ji ko ruwa ya yi zafi sai an zare ta daga bango. Iyaye mata, a ja kunnen yara a kan wannan.

Lissafin kuɗi kuma a taƙaice yake. Yunit ɗaya a mita shi ne wat 1000 na tsawon awa 1. Ƙwai 10 na wat 60 a awa 6 yunit 3.6 ne a rana. Ka canja su da na zamani masu wat 9, ya koma 0.54. Fanka mai wat 75 ta kwana awa 10, yunit 0.75. Buta da hita da risho da na'urar sanyaya ɗaki su ne ke shanye katin, ba cajar wayar yara da ake ta yi wa faɗa ba.

Jama'a, lokaci ya ƙure mana. Roƙona gare ku, yau kafin a kwanta, maigida ko uwargida, a bi kayan da ke soke a ekistenshan ɗaya bayan ɗaya, a karanta wat ɗin kowanne, a tara. Idan jimlar ta doshi 3000, a rage. Idan ekistenshan ɗin mai siririyar waya ne, kada a bari ta wuce 1300. Buta da risho da hita kowanne ya sami soket nasa a bango. A taɓa filogi, wanda aka ji da zafi a zare shi, gobe a kira mai wayarin da ya san aikinsa. 'Yan kasuwa kuma, a kashe babban makunni kafin a ja ƙofar shago, don wutar da aka ɗauke da la'asar tana iya dawowa tsakar dare babu kowa. Shugabannin kasuwanni, ku sa a riƙa zagayawa ana duba wayoyin da ke rataye a saman rumfuna tun kafin hunturu ya shigo.